Lafiyar Iyali da Karatun Yara: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a wani taron iyaye maza da mata a garin Zango, cikin masarautar Daura. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa.



Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, malamanmu, shugabannin makarantu, ma'aikatan lafiya, iyayena maza da mata, 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata, ina yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro gida lafiya.

An nemi in yi magana a kan abubuwa biyu da ke hana masu iyali barci a wannan zamani. Na farko, idan ciwo ya faɗo gida, da me za a biya kuɗin asibiti? Na biyu, idan aka rufe makaranta aka ce yara su yi karatu daga gida, wa zai zauna da su, alhali uwa da uba duk suna wajen neman abin sawa a baka? Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne aljihu ɗaya ne ke ɗaukar nauyinsu, kuma mutum ɗaya ake jira ya bar sana'arsa ya fuskance su. Saboda haka maganinsu ma iri ɗaya ne, wato a shirya tun kafin abin ya zo, kuma a shirya tare.

Su wane ne iyaye masu aiki?

Da an ce "masu aiki", hankalin wasu yakan tafi ga ma'aikacin sakatariya ko malamin makaranta. Amma a ƙasar Zango kusan kowa mai aiki ne. Manomin da ya yi sammako zuwa gona a Yardaje ko Garni ko Sara mai aiki ne. Ɗan kasuwar da ke kora awaki zuwa Mai'aduwa ranar Lahadi mai aiki ne. Saurayin magidancin da ya tafi ci-rani Kano ko Legas bayan an gama kaka mai aiki ne. Haka uwargidan da ke soya ƙuli-ƙuli, ko dama fura, ko saƙa tabarma a cikin gida, ita ma kan aiki take tun daga asuba har dare. Kalmar zango kanta masaukin fatake take nufi, don haka fita nema ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa.

Bambancin da ke akwai shi ne, ma'aikacin gwamnati yana da albashi ko ya kwanta ciwo, amma manomi da mai sana'a ranar da ba su fita ba, ranar babu. Wannan ne ya sa damuwar ta fi yi musu nauyi.

Abin da shekarar 2020 ta koya mana

Ku tuna yadda abin ya faru. Tun a watan Agusta na 2019 aka rufe kan iyakokin ƙasa, ciniki tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Nijar ya ja baya. Ana cikin haka sai cutar korona ta shigo Nijeriya a ƙarshen watan Fabrairu na 2020. A watan Maris aka rufe makarantu a duk faɗin ƙasa. A watan Afrilu aka kulle garin Daura, ba shiga ba fita, bayan da aka sami masu cutar a can. 'Yan ajin ƙarshe ne kaɗai aka bari suka koma a farkon watan Agusta domin su zauna jarrabawar WAEC, wadda aka fara ranar 17 ga watan. Sauran yara sai wajen watan Oktoba suka fara komawa. Wato sun yi sama da wata shida a gida.

Ba a daɗe da komawa ba, sai ga abin baƙin cikin da ya faru a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba na 2020, inda 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar. Ƙasar Daura tana nesa da Ƙanƙara, amma 'ya'yanmu da ke makarantun kwana su ma gida aka turo su. Wannan ya nuna mana cewa ba sai annoba ta zo ake rufe makaranta ba, kuma ba sai wutar ta kama ɗakinka hayaƙin zai same ka ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a lokacin da rufewar ta kai ƙololuwa, ɗalibai kimanin biliyan 1.6 ne ke zaune a gida a ƙasashe sama da 190. A 2022 kuma Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 'yan shekara 10 da ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta sun tashi daga kashi 57 cikin 100 zuwa kimanin kashi 70. Wannan ita ce asarar da zaman gida ya jawo.

Makarantar rediyo: ina aka dace, ina aka kuskure?

A wancan lokaci jihohi da dama, har da tamu, sun sa darussa a gidajen rediyo da talabijin. Tunani ne mai kyau, domin rediyo ta fi kowace na'ura shiga ƙauye. Amma duk wanda ke da yara ya san abin da ya biyo baya a gidaje da yawa.

Da farko, rediyon gidan ta maigida ce, kuma tare da ita yake tafiya gona ko kasuwa. Wayar da ke kama tasha ita ma tana aljihunsa. Sannan lokacin da ake sa darasin ya faɗo daidai da damina, lokacin shuka da noma, sa'ad da ake bukatar kowane hannu a gona. Yarinya kuwa, tun da ba makaranta, sai aka ƙara mata talla da ɗiban ruwa da renon ƙanne. Ga kuɗin batir, ga kuɗin caji. Batun karatu ta intanet kuwa, wannan sai gidajen da ke da babbar waya da kuɗin data, kuma mun san ba su da yawa a karkara.

Amma babban cikas ya wuce na kayan aiki. Malamin da ke cikin rediyo ba ya ganin ɗalibinsa. Ba ya sanin ko yaron ya gane ko bai gane ba, ko ma ya tashi ya bi abokan wasa. Yaro ɗan shekara bakwai ba zai zauna shi kaɗai gaban akwati na rabin awa yana rubutu ba, sai da babba a kusa da zai ce masa, "Buɗe littafinka, rubuta abin da aka ce, kawo in gani."

An gwada wannan a ƙasar Botsuwana da ke kudancin Afirka a cikin 2020. An raba iyalai kashi-kashi. Wasu ana aika musu da aikin lissafi ta saƙon waya kawai. Wasu kuma bayan saƙon, sai wani malami ya kira su sau ɗaya a mako, ya yi kamar minti 20 yana bin aikin tare da yaron da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Da aka auna daga baya, sai aka ga saƙo kaɗai bai kawo wani canji na a zo a gani ba, amma yaran da ake kira sun ci gaba a lissafi. Ƙaramar waya ce aka yi amfani da ita, irin wadda ke aljihun mafi yawanmu. Abin da ya kawo bambanci shi ne mutum mai bibiya.

Mu ma a nan Arewa mun daɗe da sanin haka. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, ta yaye dubban malamai ta hanyar karatu daga nesa. Amma ba littafi kawai take ba ɗalibi ta sallame shi ba, tana da cibiyoyi inda ake haɗuwa da malami a ƙarshen mako da lokacin hutu. Idan manya masu gemu suna bukatar mai duba musu aiki, ina ga ƙananan yara?

A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da UNICEF sun buɗe wata taskar darussa ta intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wadda ke da darussa har da na Hausa, kuma ba a biyan kuɗin rajista. Abu ne mai amfani ga malaminmu ko ɗalibin sakandare da ke da babbar waya. Waya ɗaya a hannun mai koyarwa za ta iya amfanar yara ashirin a zaure.

Mene ne inshorar lafiya?

Yanzu bari mu juya ga maganar asibiti. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Amma a Nijeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa wajen neman lafiya, sama da naira 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa suke fitowa, a ranar da ciwon ya kama. Mun san yadda ake samo kuɗin: a sayar da akuya, a fasa rumbu tun kafin damina, a jinginar da gona, ko a ci bashi. Tun daga 2023 da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin magani da na mota zuwa Daura ko Katsina sun ƙara tashi.

Inshorar lafiya dabara ce ta kauce wa wannan. Mutane da yawa ne ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna da lafiya. A cikin shekara ba duka ne za su kwanta ba. Wanda ciwo ya kama, sai a yi masa magani daga asusun. Wanda Allah ya ba lafiya, kuɗinsa ya taimaki ɗan'uwansa. Ta yi kama da adashi, sai dai a adashi kowa yana da ranar kwasarsa, a nan kuwa mai kwasa shi ne wanda lalura ta sama. Ta fi kama da gayya, inda ake taruwa a nome gonar wanda ya gaza. Shi ya sa jihohin Arewa da dama, har da Kano da Katsina, suka kira nasu tsarin da sunan taimakekeniya.

Ga tarihin abin a taƙaice. A 1999 aka yi dokar kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, amma sai a 2005 ya fara aiki, kuma ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa wannan kuɗi, kimanin naira biliyan 55. Kusan rabinsa ana biya wa marasa ƙarfi kuɗin inshora ne da shi, wani kaso kuma yana tafiya kai tsaye ga ƙananan asibitoci, da nufin a sami aƙalla guda ɗaya mai aiki sosai a kowace mazaɓa. A 2018 ɗin ne Jihar Katsina ta yi dokar kafa tata hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda ake kira KTSCHMA a taƙaice. Tana da ɓangaren ma'aikatan gwamnati, da na masu sana'ar kansu, da na marasa galihu. A watan Mayu na 2022 kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin NHIS da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa.

To, doka ta wajabta, amma a ƙarshen 2024 hukumar ta ce mutane kimanin miliyan 19 ne ke da inshora, a ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 200. Wato ko mutum ɗaya cikin goma bai cika ba. Mafi yawan waɗanda ke waje su ne irinmu, mutanen karkara.

Fargabar masu kati

Su ma waɗanda ke da katin ba su tsira daga fargaba ba, kuma fargabarsu tana da dalili. Bari in kawo guda huɗu.

Ta farko, katin da ke rataye da aiki yana iya tafiya tare da aikin. Ma'aikaci ya yi ritaya, ko a sallame shi, ko ya rasu, sai iyali su wayi gari ba su da madafa, a daidai shekarun da hawan jini da ciwon suga suka fi kama mutum. Ko a Amurka, inda mafi yawan ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshora, miliyoyin mutane sun rasa aiki a 2020, da yawansu kuma suka rasa inshorar tare da shi ana tsakiyar annoba.

Ta biyu, adadin iyali. A tsarin ma'aikatan Tarayya, katin yana ɗaukar ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mai mata biyu da 'ya'ya tara fa? Ga tsohuwa a ɗaki, ga marayun ɗan'uwa da yake riƙo. Waɗannan sai an yi musu rajista daban an biya ƙarin kuɗi. Magidanta da yawa ba su san haka ba sai ranar da suka kai yaro asibiti aka duba aka ce babu sunansa.

Ta uku, a je da kati a ce babu magani, a rubuta maka takarda ka tafi kemis. Yana da kyau mu san dalilin da yakan jawo haka. Hukuma tana biyan ƙaramin asibiti wani ƙayyadadden kuɗi ne kowane wata a kan kowane mutum da ya yi rajista a wurin, ko ya zo ko bai zo ba. Daga wannan kuɗi asibitin ke sayen magani. A tsarin Tarayya kuɗin ya yi shekaru yana tsaye a kan naira 750 ga mutum ɗaya a wata, alhali farashin magani yana ta hawa, sai a 2024 aka fara ƙara shi. Idan kuɗin ya yi kaɗan, ko ya makara, kantar magani sai ta bushe. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan. Tun 2006 gwamnatinsu ta ce a riƙa duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, yara da yawa kuma sun amfana, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sa sau da yawa ana rasa magani a ɗakunan shan magani.

Ta huɗu, kati ba ya ɗaukar kowace irin cuta, kuma ba a tsallake mataki. Ana farawa ne daga asibitin da mutum ya zaɓa lokacin rajista. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, su ne za su ba da takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar na Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Wanda ya wuce kai tsaye ba tare da takarda ba, in ba lalurar gaggawa ba ce, yana iya biya daga aljihunsa. Haka kuma a tsarin ma'aikatan Tarayya majiyyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani.

Duk da waɗannan, jama'a, a auna a gani. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, awon ciki, haihuwa, waɗannan su ne ke yawan kai mu asibiti, kuma suna cikin abin da kati ke ɗauka. Gara a gyara rijiyar da ke akwai da a zauna da ƙishirwa.

Inda igiyoyin biyu suka haɗu

Ku ɗauki misalin gida ɗaya. Uwa ta kwanta ciwo a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Aka sayar da tunkiya aka kai ta asibiti. Kuɗin da aka tanada na littattafai da kayan makaranta ya bi. Babbar 'yar gidan, mai aji biyar, aka ce ta zauna ta yi jinya ta dafa abinci. Uwa ta warke bayan wata guda, amma yarinyar ba ta koma aji ba. Ashe ciwo ɗaya ya ci tunkiya, ya ci karatu.

A juya misalin. An rufe makaranta. Uwa mai aiki a asibiti ko mai sayar da abinci a tasha ba ta da inda za ta bar yara. Ko ta bar aikin ta zauna, abin shiga ya ragu, kuɗin sabunta kati ya gagara. Ko ta tafi ta bar su suna gararamba a rana da bakin kududdufi, daga nan kuma sai asibiti. Shi ya sa na ce aljihu ɗaya ne, kuma gida ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za mu iya yi da kanmu

1. Kowane magidanci ya je asibitin mazaɓarsa ya tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniya na jiha, da nawa ake biya a bana, da abin da katin ke ɗauka da wanda ba ya ɗauka. A tafi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Wanda bai yi wannan rajista ba ya yi, shi da iyalinsa.

2. A biya da kaka, lokacin da gero da wake da gyaɗa ke hannu. Akwai ɗan lokacin jira tsakanin yin rajista da fara amfani da kati, don haka wanda ya bari sai ciwo ya zo ya makara. A rubuta ranar da katin zai ƙare a bangon ɗaki ko a bayan kalanda.

3. Ƙungiyoyin manoma, da na 'yan kasuwa, da na masu babura, da matan da ke adashi, su yi rajista a ƙungiyance. A misali, mata ashirin masu zubi kowane mako za su iya ware kwasa ɗaya a shekara domin katin lafiya. Muryar mutum ashirin ta fi ta mutum ɗaya ƙarfi ranar da aka ce babu magani.

4. Ma'aikaci ya duba sunayen da ke kan katinsa tun yau. A ƙara sunan jariri da zarar an haife shi. Wanda ritayarsa ta kusa ya tambayi yadda zai ci gaba da biya da kansa, kada a sami giɓi.

5. Kada a ba kowa kuɗi ba tare da rasit ba. Idan aka hana ka abin da kati ya ba ka, ka rubuta rana da abin da ya faru, ka kai wa kwamitin raya mazaɓa ko jami'in hukumar. Cikin ladabi, amma a rubuce.

6. Masu unguwanni su taimaka a san marayu, da gajiyayyu, da tsofaffi, da masu juna biyu marasa ƙarfi, domin idan an zo rajistar kyauta ta asusun Tarayya, ta faɗa hannun waɗanda aka yi domin su.

7. A karɓi abin da ake bayarwa kyauta. Allurar rigakafi, gidan sauro, da maganin kariya daga zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata da damina, wanda a Jihar Katsina aka fara gwada shi a ƙasar nan a 2013. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

8. Kowace unguwa ta zaɓi zaure ko rumfa guda tun yanzu, wadda za ta zama ajin ko-ta-kwana. A tanadi rediyo ɗaya mai aiki da hasken rana, da allo, da alli. A san wanda zai zauna da yara: malami mai ritaya, ko mai takardar NCE da bai sami aiki ba, ko ɗalibar sakandare. Iyaye su haɗa masa ɗan alheri, ko da tiyar hatsi ce daga kowane gida. Idan rufewar ta annoba ce, a bi umarnin ma'aikatan lafiya, a raba yaran ƙananan rukuni a fili.

9. Iyaye mata su yi karɓa-karɓa. Gidaje biyar, kowace uwa ta ɗauki rana ɗaya tana lura da yaran, sauran huɗun su yi sana'arsu. Ko ba ta yi boko ba, za ta iya tabbatar da cewa an zauna, an saurara, an rubuta.

10. Hedimasta da kwamitin kula da makaranta su riƙe lambar wayar kowane gida a littafi. Ranar da aka rufe makaranta, kada yaro ya tafi gida hannu rabbana, a ba shi littafi da aikin mako. Malami ya kira ko ya leƙa sau ɗaya a mako. Uban da ke ci-rani shi ma ya riƙa cewa a ba yaro waya ya karanta masa layi biyu.

11. Ranar da aka buɗe makaranta, a ƙirga yara, musamman mata. Wadda ba a gani ba a bi ta gida a cikin makon.

Kira ga hukuma

Ranka ya daɗe, muna roƙon a isar mana da saƙo. Hukumomin inshora su riƙa biyan asibitoci a kan lokaci, su kuma manna jerin magunguna da ayyukan da kati ke ɗauka da Hausa, da boko da ajami, a ƙofar kowane asibiti. A kawo rajista kasuwanni da ƙauyuka, a daidaita lokacin biya da kaka. A duba halin 'yan fansho da masu manyan iyali. Ma'aikatar ilmi kuma ta ajiye darussan rediyo a shirye, a sa su da yamma bayan an dawo daga gona, a maimaita su, a kuma yi na ƙananan azuzuwa da Hausa. Kamfanonin waya da hukumomin tsaro su tuna cewa a 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, rediyo ce ta rage wa mutanen can. Don haka kada a yi sakaci da ita.

Iyayena da 'yan'uwana, ba wanda ya san ranar da ciwo zai zo, ba kuma wanda ya san ranar da za a sake cewa yara su zauna a gida. Abin da ke hannunmu shi ne kakar bana. Kafin a kai hatsi kasuwa, a cire na kati. Kafin wata ya ƙare, kowace unguwa ta zauna ta faɗi zaurenta da mai koyarwarta, mai unguwa ya kawo sunayen wurin dagaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.